Poll: yaya aka yi kalmar da ke nufin kai ta koma jin ra'ayin jama'a?

Wai shin me ya sa Turawan Ingila da Amurka suke kiran binciken jin ra'ayin jama'a da poll, kuma zaɓen ma kansa poll suke ce masa, har rumfar da muke zuwa mu dangwala ita ma polling unit INEC ke kiranta? Abu ɗaya ne ko kuwa abubuwa ne daban-daban suka taru a suna ɗaya? Wannan tambaya ba ta 'yan makaranta kaɗai ba ce, don duk sanda zaɓe ya matso za ka ga an fara yawo da hotuna a WhatsApp da Facebook wai sabon poll ya nuna wane ne a gaba, magoya bayansa su hau murna kamar har an rantsar da shi, ɗaya ɓangaren kuma su hau zagi suna cewa ai sayen masu binciken aka yi, kuma da za ka tsayar da ɓangarorin biyu ka tambaye su mutum nawa aka tambaya, su waye, a ina, da wuya ka samu amsa. Mu ma a Hausa ruɗanin bai bar mu ba, domin a labaran rediyo za ka ji an ce ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ana nufin binciken da wani kamfani ya yi ta waya, gobe kuma ka ji an faɗi haka ana nufin ƙuri'ar raba gardama wadda ƙasa guda ke fitowa ta kaɗa kuma sakamakonta ya zama doka. Idan aka bi sawun kalmar tun daga tushe, za a ga inda hanyoyin suka rabu.

Asalinta kai ne, kan mutum

Da yawa suna zaton poll daga politics ta fito tunda kullum tare ake jinsu. Ba su da dangantaka ko kaɗan. Ita politics daga Girkanci take, daga polis wato birni. Poll kuwa ta bayyana a rubuce-rubucen Ingilishi ne tun wajen shekara ta 1300, ana rubuta ta pol ko polle, kuma masana harshe suna danganta ta da irin kalmar da ke cikin tsohon harshen mutanen Holan da na arewacin Jamus mai nufin kai ko ƙololuwar abu. Ma'anarta a lokacin ba ta wuce kai ba, musamman inda gashi ke tsirowa, daga tsakar ka zuwa ƙeya.

Wannan tsohuwar ma'ana ba ta mutu gaba ɗaya ba, ta dai ɓuya ne a wasu lunguna. Masu kiwon dawaki a Ingila har gobe poll suke kiran wurin nan da ke tsakanin kunnuwan doki. Saniyar da ba ta da ƙaho polled ake ce mata. 'Ya'yan kwaɗin nan masu ƙaton kai da 'yar wutsiya da muke gani a kududdufi da damina, sunansu tadpole, wato an haɗa kwaɗo da kai ne tunda kusan duk jikin nasu kai ne. Da ma kuma in aka ce an yi wa mutum poll a da can, aski ake nufi, an rage masa suma. Daga askin ne aka samu deed poll, takardar da mutum ke canza suna da ita a Birtaniya, saboda ana datse gefen takardar ne sak, saɓanin takardar yarjejeniyar mutum biyu da ake yanka ta a karkace kowa ya riƙe rabi.

Lokacin da kai ya zama abin biyan kuɗi

To ya aka yi kai ya shiga harkar gwamnati? Ta hanyar haraji. Hanya mafi sauƙi ga mai mulki ta tara kuɗi ita ce ya ƙirga kawuna ya ɗora wa kowane kai wani abu, ba ruwansa da ko mai kan yana da gona ko ba shi da ita. A 1377 Ingila tana fama da yaƙi da Faransa, baitulmali ya yi ƙasa, sai majalisa ta sa kwabo huɗu a kan duk wanda ya kai shekara 14, mace da namiji, banda mabarata. Aka sake wani a 1379, sannan na uku da aka karɓa a 1381 sai aka ninka shi sau uku, sule guda wato kwabo 12 a kan kowane kai.

Abin da talakawa suka yi shi ne suka ɓoye kawunan. Da aka tattara lissafi sai aka ga kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen da suka biya a 1377 sun ɓace daga takarda, an ɓoye 'yan mata da zawarawa da 'yan uwan da ke zaune a gida. Gwamnati ta tura jami'ai ƙauyuka su sake ƙidaya, a nan ne wuta ta tashi a yankunan Essex da Kent, manoma suka yi gangami ƙarƙashin wani mai suna Wat Tyler suka shiga Landan a watan Yuni, suka kama babban limamin cocin Canterbury Simon Sudbury da ma'ajin ƙasa Robert Hales suka fille musu kai. Sarki Richard na biyu yana ɗan shekara 14 a lokacin. An kashe Tyler, an murƙushe boren, amma an daɗe ƙwarai ba a sake gwada irin wannan haraji ba. Shi ne wanda daga baya aka riƙa kira poll tax, harajin kai.

Kuma sunan bai daina cizo ba, don bayan shekara ɗari shida Margaret Thatcher ta kawo wani haraji na bai-ɗaya a kan kowane baligi, a Scotland 1989, a Ingila da Wales 1990, ita ta sa masa wani suna mai daɗin ji amma mutanen gari suka ce a'a wannan ai poll tax ne, aka yi ƙazamar tarzoma a tsakiyar Landan ranar 31 ga Maris 1990, kafin shekarar ta ƙare a Nuwamba ta sauka daga mulki, kuma harajin na cikin manyan dalilan. A kudancin Amurka kuwa an yi amfani da harajin kai ne wajen hana baƙar fata zaɓe, in ba ka biya ba babu ƙuri'a, sai a 1964 aka yi wa tsarin mulki gyara na 24 aka haramta shi a zaɓen tarayya.

Mu nan arewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Harajin da iyaye da kakanni suka biya ta hannun mai unguwa da dagaci tun zamanin En'e, a takardun Turanci sau da yawa poll tax ake rubuta shi, jangali kuma shi ne irinsa a kan shanu. Wanda ya tashi a Kano ko tsohuwar Kaduna ya san labarin yadda Abubakar Rimi da Balarabe Musa na PRP suka soke su da hawansu mulki a 1979, kuma ya san dalilin da ya sa tsofaffi har yanzu in baƙo ya zo da takarda da biro yana tambayar mutum nawa ne a gidan nan sai jikinsu ya yi sanyi. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Daga ƙirga kai zuwa rumfar zaɓe

A ƙarni na 17 kalmar ta shiga zaɓe. Yadda ake zaɓen ɗan majalisa a Ingila a da shi ne a tara masu ikon zaɓe a fili, waɗanda dama 'yan tsiraru ne maza masu dukiya, jami'in gunduma ya kira sunan ɗan takara a yi ihu ko a ɗaga hannu, shi kuma ya duba ya ce wane ya fi jama'a. In wanda aka ce ya faɗi bai yarda ba yana da damar ya ce a yi poll, ma'ana a bar kintace, a ƙirga kawuna ɗaya bayan ɗaya. Sai kowa ya zo gaban magatakarda ya faɗi sunansa da wanda yake so da babbar murya, a rubuta a littafi. Abin yakan ɗauki kwanaki, na mazaɓar Westminster a 1784 kwana 40 aka yi ana yi.

Littattafan nan ana buga su a sayar, don haka mai gidan da kake haya ko mai gonar da kake nomawa zai iya buɗewa ya ga wa ka zaɓa, ka ga kuwa ba kowa ke da ƙarfin halin saɓa masa ba. Sai a 1872 Birtaniya ta koma ƙuri'ar sirri, bayan wasu yankunan Ostireliya sun riga ta tun 1856. An daina ƙirga kai a zahiri, an koma ƙirga takarda, amma sunan ya zauna. Duk wanda ya ga zaɓen ƙato bayan ƙato na farkon shekarun 1990 zamanin Babangida, inda ake jera layi a bayan hoton ɗan takara malamin zaɓe ya bi yana ƙirgawa, to ya ga poll da ma'anarta ta asali da idonsa, har da matsalarta ta cewa kowa na ganin layin da ka shiga.

Inda ma'anar ta karkata

Har zuwa nan duk inda aka ce poll ana nufin an ƙirga kowa da kowa, kuma sakamakon yana da hukunci, ko ka biya kuɗi ko wani ya hau kujera. Jaridun Amurka ne suka kawo sabon abu. Tun kafin ranar zaɓe mutane suna ƙagare su san wa zai ci, sai 'yan jarida suka fara zuwa taruka suna tambayar waɗanda suka samu a wurin. Wanda aka fi ambata a matsayin na farko shi ne na 1824, da wata jarida ta Harrisburg a jihar Pennsylvania ta ruwaito daga garin Wilmington cewa Andrew Jackson ya samu 335, John Quincy Adams 169. Jackson ɗin ya fi kowa ƙuri'u a ainihin zaɓen, amma da yake babu wanda ya samu rinjayen da doka ta nema sai majalisar wakilai ta ba Adams.

Irin wannan daga baya aka sa masa suna straw poll, straw kuwa shi ne tsinken ciyawa ko karan alkama, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne mutum kan jefa tsinke sama ya ga inda iska ta nufa. Sunan da kansa yana gaya maka cewa wannan ba zaɓe ba ne, gwaji ne mara nauyi. Sai dai baki yana son gajarta magana, a hankali aka yar da straw ɗin, zuwa farkon ƙarni na 20 ana cewa poll kawai ana nufin binciken ra'ayi. To a nan ne ruɗanin ya samo asali, kalmar da aka san ta da a ƙirga kowa ta koma sunan aikin da ake tambayar 'yan kaɗan a kintaci sauran. 'Yan uwanmu na Nijar da ke ji da Faransanci ba su da wannan matsala sosai, don su sondage suke cewa, daga zura igiya a ruwa a gwada zurfinsa, ba mai haɗa shi da ranar zaɓe.

Abin da ya faru a 1936

In akwai labari ɗaya da nake so kowa ya sani a kan wannan batu to wannan ne. Akwai wata mujalla a Amurka, Literary Digest, wadda ta yi suna wajen faɗin wanda zai ci shugaban ƙasa, ta dace a 1920 da 1924 da 1928 da 1932. A 1936 ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10 ta gidan waya, sama da miliyan 2 suka dawo da amsa, ta ƙirga ta ce Alf Landon zai kayar da shugaba Franklin Roosevelt da kusan kashi 57 cikin ɗari. Wa zai yi musu da amsar mutum miliyan biyu?

Wani matashi ɗan jihar Iowa, George Gallup, wanda ya buɗe cibiyarsa ta binciken ra'ayi a 1935, ya yi musun. Shi mutanen da ya tambaya ba su wuce dubu 50 ba, amma ya ce Roosevelt ne zai ci. Ranar zaɓe Roosevelt ya kwashe jihohi 46 cikin 48 da kusan kashi 61 na ƙuri'u, Landon ya tsira da Maine da Vermont kawai. Mujallar ba ta ƙara farfaɗowa ba, a 1938 ta rufe.

Me ya kayar da ita? Abu biyu. Sunayen da ta aika wa takarda ta samo yawancinsu ne daga littafin lambobin tarho da rajistar masu mota da jerin masu sayen mujallar, a lokacin da Amurka ke cikin matsanancin talauci, wanda ke da tarho da mota a wannan zamanin ai mai hali ne, masu hali kuma sun fi jin haushin Roosevelt. Na biyu kuma wanda masu nazari daga baya suka ce ya ma fi muni, cikin mutum huɗu da aka aika wa uku ba su amsa ba, waɗanda suka ɗauki wahalar amsawa su ne masu zafin son a canza gwamnati. Ku duba yadda mai sayen hatsi ke yi a kasuwar Dawanau, ba ya zazzage buhu ya duba kowace ƙwaya, ƙarfe mai tsini yake sokawa a sama da tsakiya da gindin buhun ya tara a tafin hannu ya duba, don ya san mai algus yakan zuba mai kyau a baki ya ɓoye mai tsakuwa a ƙasa. Wanda ya kwashi kwano goma daga bakin buhu kawai, mai tafin hannun nan ya fi shi sanin abin da ke ciki. Literary Digest daga bakin buhu ta yi ta kwasa.

Sunan Gallup ya yi tashe har a wasu ƙasashe irin su Finland da Girka sunansa ya zama shi ne kalmar binciken ra'ayi. Amma shi ma ya sha ƙasa a 1948, ya ce Thomas Dewey zai kayar da Harry Truman, har jaridar Chicago Tribune ta buga a shafin farko cewa Dewey ya ci, Truman ya ɗaga jaridar yana dariya aka ɗauke shi hoto. Laifin a nan shi ne sun daina tambaya makonni kafin zaɓe, kuma sun bar ma'aikatansu suna zaɓar wanda za su tambaya da kansu, mutum kuwa ya fi son tsayar da mai tsaf-tsaf a bakin titi a kan ya shiga lungu. Daga nan ne aka koma tsarin da ake zaɓo mutane ta hanyar kaɗa ƙuri'a irin ta canki-canki, kowa na da damar a faɗo kansa. In an yi haka da kyau mutum 1,000 sun isa a kintaci ra'ayin ƙasa guda da kuskuren da bai fi kashi 3 sama ko ƙasa ba, a mafi yawan lokuta.

Masu yabo da masu suka

Masu goyon bayan wannan aiki suna cewa shi ne kaɗai hanyar da talaka zai yi magana tsakanin zaɓe da zaɓe, in ba haka ba sai dai mai mulki ya ji daga fadawa da masu manyan muryoyi. Ni ina ganin suna da gaskiya babba a nan. Afrobarometer misali, tun 1999 take aika mutane gida-gida a ƙasashen Afirka suna zama da mutum 1,200 zuwa 2,400 a kowace ƙasa suna tambayarsu da harshen da suka zaɓa a kan ruwan sha da asibiti da tsaro da cin hanci, irin bayanan da gwamnatoci da yawa ba za su so a fitar ba.

Masu suka kuma suna cewa poll na iya zama makamin kamfe, a fitar da shi don a karya wa magoya bayan wani gwiwa su ƙi fita, ko a ja masu bin inda iska ta kaɗa, kuma yadda aka tsara tambaya ma na iya juya amsa. Su ma ba ƙarya suka yi ba, shi ya sa Faransa ta hana buga sakamakon irin wannan bincike a jajibirin zaɓe da ranar zaɓen.

Amma abin da ya fi damuna shi ne na uku, wato poll ɗin soshiyal midiya, wanda kowa ke iya buɗewa a X ko Facebook ko guruf ɗin WhatsApp. Wannan ko kusa ba bincike ba ne. A Disamba 2022 Elon Musk ya tambaya ko ya sauka daga shugabancin Twitter, ƙuri'a sama da miliyan 17 aka danna, kashi 57.5 suka ce ya sauka. Adadin ya ninka na Literary Digest sau da yawa amma ciwon iri ɗaya ne, wanda ya ga tambayar kuma ya ga dama shi ya amsa, wani ma da akawun uku.

Yadda abin ke shafar mu

Kafin zaɓen 2023 an yi ta fitar da bincike a Najeriya, wasu daga cikin waɗanda aka fi yaɗawa sun nuna Peter Obi a gaba, sannan INEC ta bayyana Bola Tinubu da ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku Abubakar miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1, Rabi'u Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Rigimar sahihancin zaɓen daban take, ta je har kotun ƙoli. Abin da ya shafi maganarmu shi ne mutane da yawa sun ɗauki waɗancan alƙaluma tamkar an riga an ƙirga kawuna, alhali a cikin wasu daga rahotannin kansu waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba da waɗanda suka ƙi amsawa in ka haɗa su sun fi kason wanda ke kan gaba, sai dai wannan layin ba ya shiga hoton da ake turawa a WhatsApp. Ga shi kuma cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 ba, faɗin ra'ayi a waya daban, tsayuwa a layi cikin rana daban.

Don haka in an turo maka poll kafin ka tura gaba, nemi sanin wa ya biya kuɗin aikin, yaushe aka yi, kuma ta wace hanya aka samu mutanen. Wannan ta ƙarshen ta fi muhimmanci a wurinmu, domin in ta waya aka yi to an tsallake ƙauyen da babu sabis, an tsallake matar da wayar gidan ke aljihun maigida yana kasuwa, in ta intanet ne an tsallake duk wanda ba shi da data ko ba ya karanta boko, in da Turanci aka yi tambayar kuwa ba sai an faɗa ba. Sannan ga dattijon nan da ya taso yana jin labarin haraji, baƙuwar lamba ta kira shi wata murya ta ce wa za ka zaɓa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne wa ya aiko ku, sai ya ce bai sani ba tukuna ko ya kashe wayar, alhali ya san wanda zai dangwala wa tun bara, kuma irinsa ne ke sammakon zuwa rumfar zaɓe tun bayan sallar asuba.